Yadda Za Ka Haɗa Wa A-kori-kurarka Ƙarin Kayan Lantarki da Hannunka

Masu a-kori-kura irin su Hilux, Ranger, D-Max da Navara sun sha tambayata ko mutumin da bai taɓa aikin waya ba zai iya haɗa doguwar fitila, ko firij na mota, ko wurin cajin waya, ba tare da ya kai wa mai riwaya ba. Zai iya, matuƙar ya riƙe ƙa'ida guda: kada ka yanka wayar da kamfani ya shimfiɗa. Duk abin da za ka ƙara, ka gina masa layinsa daban tun daga batir, da fiyus nasa, da rile nasa, wato makunnin da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa don ya haɗa babban layi. In ka yi haka, ko ka yi kuskure, a kan sabon layin zai tsaya, ba zai shafi injin ko ƙwaƙwalwar motar ba.

Zan yi misali da doguwar fitilar LED mai wat 120 a motar da ke aiki da bolt 12. Wanda ya iya wannan ya iya sauran.

1. Fara da lissafi, kafin ka sayi komai

Duba kwalin na'urar ka ga wat nawa aka rubuta, ka raba shi da 12. Abin da ya fito shi ne amfiyar da za ta ja. Fitilarmu mai wat 120 za ta ja amfiya 10. Wasu kamfanonin suna ƙara gishiri a wat ɗin da suke rubutawa, amma kai yi lissafi da abin da ke jikin kwalin, domin gara wayar ta fi ƙarfin aikin.

Daga nan sai fiyus. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan amfiyar, ka ɗauki fiyus na gaba da abin da ya fito. Amfiya 10 ta zama 12.5, don haka fiyus mai 15 za ka sa.

Sai kaurin waya, kuma a nan yawancin sababbin hannu suke faɗawa rami. Abu biyu ke yanke hukunci: yawan wutar da tsawon tafiyar. Waya tana cinye wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, kuma iya tsayinta da sirantarta iya abin da take ci. Ana so asarar kada ta wuce kashi 3 cikin 100, wato kusan bolt 0.36. Ga yadda ake ganewa a wayar jan ƙarfe: ninka 0.0175 da tsawon wayar a mita, zuwa da dawowa, ka ninka da amfiya, sannan ka raba da kaurin wayar. Fitilarmu mai amfiya 10 a kan waya mita 5, jimillar zuwa da dawowa, mai kaurin 2.5 mm² za ta yi asarar bolt 0.35, daidai ke nan. Da za ka sa mai 1.5 mm², asarar za ta kai kusan 0.58, fitilar ta rage haske, wayar kuma ta riƙa ɗumi. In wayar da ka samu da lambar AWG aka auna ta, to lamba 14 ta ɗan gota 2 mm², lamba 12 kusan 3.3 ce, lamba 10 kuma kusan 5.3. A wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri.

Gargaɗi: fiyus waya yake karewa. Kada ƙarfinsa ya taɓa wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Fiyus mai 30 a kan siririyar waya zai zuba ido har robar ta narke bai tsinke ba.

2. Kayan aiki, da inda kuɗin ya kamata su tafi

Za ka buƙaci mita ta gwajin wuta, abin feƙe waya, filayar matse kan waya, sifana lamba 10 wadda ita ce ta fi shiga notin kan batir a yawancin motoci, sandifefa, da fitilar hannu. Kayan haɗin kuwa su ne waya ja da baƙa, gidan fiyus mai murfi da ruwa ba ya shiga, rile mai amfiya 30 ko 40 tare da soket ɗinsa, makunni, kawunan waya masu zobe, robar da ke tsukewa in ta ji zafi, bututun roba mai tsagi na rufe waya, maɗauran roba, da ƙaramin abin tsotso wuta daga akwatin fiyus wanda za mu yi maganarsa a mataki na 6.

Rile da fiyus da makunni ba su da tsada. Waya mai kyau da filayar matsewa su ne za su ci mafi yawan kuɗinka, kuma a nan ne ban yarda a yi tsimi ba. Araha ba ta ado. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka yi masa rufin jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, ga saurin karyewa da rubewa. Kankare silin wayar da wuƙa: in farin ƙarfe ya bayyana a ciki, ajiye musu abinsu. Haka wayar gida mai sili ɗaya ƙwal ba ta mota ba ce, jijjiga za ta karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Mai silili da yawa ake so. Filaya kuma nemi irin wadda ba ta buɗewa sai ta gama matsewa.

Yawancin fitilu suna zuwa da haɗaɗɗiyar wayarsu, da rile da makunni a jiki. Tana rage wahala, amma duba kaurin wayar da girman fiyus ɗin ka gwada su da lissafinka na mataki na 1 kafin ka amince.

3. Zana layin a takarda, ka bi hanyarsa da ido

Layi biyu za ka zana. Na farko babba ne: fozitif na batir, fiyus, rile, fitila, sannan jikin mota. Na biyu ƙarami ne: akwatin fiyus na cikin mota, makunni, rile, jikin mota. Buɗe bonet ka bi hanyar da igiya don ka san ainihin tsawon wayar, ka ƙara kamar rabin mita.

Leƙa littafin motar ma. Wasu a-kori-kura, kamar manyan Ford Super Duty da wasu Ram, suna zuwa da makunnan ƙari waɗanda kamfani ya riga ya haɗa musu rile da fiyus, wayoyinsu na nan a naɗe suna jiranka. In motar tana ƙarƙashin garanti, karanta sharuɗɗansa tukuna.

4. Cire batir

Kashe mota, zare makulli, cire zobe da agogon ƙarfe. Negatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalili shi ne duk jikin motar negatif ne. In ka fara da fozitif, sifana ta taɓa bodi tana kan notin, wutar da za ta bi ta cikinta ta isa ta narka ƙarfe ta ƙona maka hannu. Bayan ka cire, tura kan wayar gefe ka ɗaure shi don kada ya koma da kansa.

Wasu masu dizal batir biyu gare su, sai ka cire negatif na duka biyun. Jira 'yan mintuna kafin ka sa hannu ƙarƙashin dashbod, saboda na'urar jakar iska tana riƙe sauran wuta na ɗan lokaci, littafin motar zai faɗa maka tsawonsa. Ka kuma sani rediyo zai iya neman lambar sirrinsa in an mayar da batir.

Gargaɗi: soket da waya masu rufi ruwan ɗorawa galibi na jakar iska ne. Wayoyi biyu sirara da aka murɗe su tare na saƙon kwamfutocin mota ne. In motar mai haɗin batir da fetur ce, kauraran wayoyi ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa. Duk ukun ba a taɓa su.

5. Rile da babban layi

Ƙaramin makunnin da ke dashbod ba a yi shi don ya ɗauki amfiya 10 ko 20 kullum ba, kuma ba ka son babbar wuta ta riƙa zagaye kusa da gwiwarka. Aikin rile ke nan: makunni ya aika masa 'yar wuta da ba ta kai rabin amfiya ba, shi kuma ya haɗa babban layin a can ƙarƙashin bonet.

Juya rile ka ga lambobin da ke gefen ƙafafunsa. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus. Lamba 87 ita ke kai wuta ga fitila. Lamba 86 tana karɓa daga makunni, 85 kuma tana tafiya jikin mota. In rilen mai ƙafa biyar ne za ka ga 87a a tsakiya. Ita tana da wuta lokacin da rilen yake kashe, don haka a wannan aikin bar ta babu komai, amma kada ta zauna tsirara inda za ta taɓa ƙarfe. Wasu rile suna da diyod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, kuma su in ka juya 85 da 86 za su lalace, shi ya sa ya fi kyau ka saba da sa fozitif a 86 ko da yaushe.

Ɗaure rilen a tsaye kusa da batir, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don ruwa ya zube maimakon ya kwanta a ciki.

Yanzu gidan fiyus, wanda shi ne abu mafi muhimmanci a duk aikin. Sa shi dab da kan batir, kada ya wuce kamu ɗaya in wurin ya ba da dama. Guntuwar wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. In ka kai fiyus can kusa da fitila, to mita uku ko huɗu na waya suna ɗauke da dukan ƙarfin batir babu birki, kuma ranar da ƙarfe ya goge robar ya taɓa silin, wayar za ta yi ja ta kama wuta tun kafin ka kai ga buɗe bonet. Bar gidan fiyus ɗin fanko tukuna, sai an gama komai za a sa masa fiyus.

Matse kan waya yana da nasa tsari. Feƙe robar daidai tsawon bakin kan, ba tare da ka yanke silili ko ɗaya ba. Zura robar tsukewa a jikin wayar tun kafin ka matse, don bayan an matse ba ta shiga. Tura wayar har silin ya ɗan leƙo ta ɗaya ɓangaren, matse, sannan ka ja da ƙarfi. In ta zame, yanke ka sake. In ta riƙe, jawo robar ta rufe mahaɗin ka gasa ta har ta kama. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a mota: zafin injin zai narkar da gam ɗin, salatif ya warware. Haka ƙananan maƙalan nan masu haƙori da ke huda robar waya, suna yanke silili suna buɗe wa ruwa hanya.

6. Wutar makunni daga akwatin fiyus

Kana so fitilar ta mutu in an zare makulli, don kada mantuwa ta kwantar maka da batir. Saboda haka makunni zai sha daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. Wannan gwajin yana buƙatar batir, don haka mayar da negatif na ɗan lokaci. Sa mita a bolt na DC, baƙin tsinke a jikin mota, jan kuma a ɗan ƙarfen da ke leƙowa a bayan kowane fiyus. Nemi wanda yake nuna sifili in mota tana kashe, ya nuna 12 in an murɗa makulli. Fiyus na soket ɗin wutar sigari ko na rediyo ya fi dacewa. Nisanci na jakar iska, na birkin ABS, na famfon mai da na ƙwaƙwalwar injin.

Abin tsotson yana shiga ramin fiyus ɗin da ka zaɓa, yana da gurbi biyu. Na ƙasa, kusa da ƙafafu, na tsohon fiyus ne. Na sama na sabon layinka ne, kuma mai amfiya 3 ko 5 ya isa tunda rile kawai zai tayar. Fiyus suna da girma daban-daban, don haka zare na motarka ka tafi da shi wurin saye.

Abin tsotson yana da fuskar da ake sa shi, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Ga gwajin: sa sabon fiyus kaɗai a gurbin sama, bar na ƙasa fanko, cusa shi a ramin, murɗa makulli, ka auna jelar wayar. In ka ga bolt 12, ya zauna daidai. In babu, zare ka juya shi. In ya zauna a juye zai yi aiki, amma wutar sabon layin za ta riƙa bi ta cikin tsohon fiyus, ta ƙara masa nauyi. Ka gama, sake cire negatif.

Makunni mai 'yar fitila a jiki ƙafa uku gare shi: shigar wuta, fita zuwa lamba 86, da ta jikin mota don 'yar fitilar.

7. Ratsa bango da shimfiɗa waya

Tsakanin injin da ɗakin direba akwai bangon ƙarfe, kuma waya ɗaya siririya ce kawai za ta ratsa shi. Nemi robar da wayoyin kamfani suka bi, sau da yawa tana da ɗan nono na ƙari da za ka iya yanke kansa. Huda daga gefe, nesa da damin wayoyin, ka ja taka da sandar roba ko waya marar tsini. In dole sai ka huda sabon rami, leƙa bayan wurin da fitila tukuna, ka shafa fenti a bakin ramin, ka sa masa roba. Waya ba ta bin ramin ƙarfe tsirara, ko da na kwana ɗaya ne. Kafin ta shiga bangon, bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje.

Sauran shimfiɗar, sa wayar cikin bututun roba, ka bi hanyar da wayoyin kamfani suka bi, kana ɗaurewa duk bayan kamu ɗaya ko biyu. Nisanta ta da salansa da turbo, da fanka da fambel, da sandar sitiyari. A ƙarƙashin dashbod taka birki da kuloci da totur har ƙasa ka tabbata babu wayar da ke taɓa su. Kada ka ɗaure waya a jikin bututun birki ko na mai.

A-kori-kura tana da wani hali da ƙaramar mota ba ta da shi: kan motar da bodin baya kowanne zamansa daban a kan shasi, kuma suna motsi daban a hanya marar kyau. Duk wayar da za ta tsallaka tsakaninsu a bar mata sassauci, in ba haka ba wata rana za ta tsinke.

8. Wayar at

In sabuwar fitila tana kyaftawa ko haskenta ya yi rauni, at, wato inda baƙar waya ke haɗuwa da jikin mota, ne wurin da za a fara zargi. Kaurin baƙar waya ya zama daidai da na jar, domin wutar da ta tafi ita ce za ta dawo. Mafi sauƙi shi ne ka nemi inda kamfani ya ɗaure nasa baƙaƙen wayoyin a jikin bodi kusa da batir, ka ƙara zobenka a wurin. In sabon wuri za ka yi, goge fenti da tsatsa da sandifefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure da noti tamau, sannan ka shafa giris a kai.

Gargaɗi: motocin zamani da yawa suna da 'yar na'ura a kan negatif na batir mai auna wutar da ke shiga da fita. In ka ɗaure at ɗinka kai tsaye a kan batir, ka tsallake ta, lissafin cajin motar zai rikice. Ɗaure a jikin bodi. Sannan kada ka dogara da bodin baya a matsayin at, haɗinsa da shasi ba abin yarda ba ne. Ford F-150 daga ƙirar 2015 ma bodinta alminiyam ne, a irinta wuraren at na kamfani kawai za ka yi amfani da su.

9. Gwaji

Kafin ka mayar da batir, sa mita a gwajin haɗuwa, ka taɓa wayar da ke zuwa lamba 30 da jikin mota. Bai kamata ta yi ƙara ba. In ta yi, wani wuri ya haɗe, nemo shi. In shiru, mayar da negatif, murɗa makulli, danna makunni. Ya kamata ka ji rile ya yi ƙas. Sai yanzu za ka sa babban fiyus mai 15, shi ne shuɗi. Mai 10 ja ne, mai 20 ruwan ɗorawa, mai 30 kore, amma karanta lambar da ke kansa ko da yaushe.

Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, in injin yana aiki kuma yakan hau wajen 14, ko da yake a wasu sababbin motoci yana hawa yana sauka. Kunna fitilar, auna a kan batir, sannan ka auna a soket ɗin fitilar. Bambancin kada ya wuce rabin bolt. Bar ta a kunne minti 10, ka bi wayar da mahaɗanta da hannu. Duk mahaɗin da ya yi zafi bai matsu ba ne.

In fiyus ya tsinke, kada ka sa wanda ya fi shi girma, kuma kada ka cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa. Ya tsinke ne saboda akwai dalili. In rile bai yi ƙara ba, matsalar tana ƙaramin layi. In ya yi ƙara fitila ba ta kama ba, duba babban fiyus, lamba 87, da at na fitilar.

Doguwar fitila tana makantar da mai tahowa, kuma ƙasashe da yawa sun hana kunna ta a kan titin jama'a. Bincika dokar inda kake.

10. In kayan sun wuce ɗaya

Kada ka tara zobba biyar a kan fozitif na batir. Sayi ƙaramin akwatin fiyus mai gurbi shida, ka kai masa waya ɗaya mai 10 mm² da fiyus mai amfiya 40 dab da batir, kowace na'ura ta fita daga gurbinta da fiyus daidai da wayarta. Rubuta sunan kowane gurbi a murfin.

Firij a bodin baya ba ya jan wuta da yawa, wajen amfiya 5 in kwamfuresa tana aiki, amma tafiyar tana da nisa. Mita 7 zuwa, 7 dawowa, a waya mai 4 mm² asarar kusan bolt 0.3 ce. In ka sa siririya, firij ɗin zai ga kamar batir ya yi sanyi ya riƙa kashe kansa. In kuma zai kwana a kunne mota tana kashe, batir na biyu yake buƙata da cajarsa ta musamman.

Winci, wato injin jan mota da igiya, da babbar inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ba aikin farko ba ne. Inbata mai wat 1000 tana jan kusan amfiya 90 zuwa 100 daga batir, winci kuwa yana kai ɗaruruwa in yana jan kaya. Waɗannan suna son kauraran wayoyi da filayar matsewa ta daban, kuma dole a duba ko altanetar motar za ta iya ɗauka. Kai su wurin ƙwararren mai riwaya, ka tsaya a kansa ka ga inda ya sa fiyus da yadda ya bi da wayar.